Kanwar da Muka Ajiye wa Kwamfuta

Matso kusa ka ji, don wannan labarin ba na ihu ba ne. Wata ranar kasuwar Funtua ce a kakar auduga ta 1988, ina 'yar aji uku, ajin da karatuna ya tsaya ke nan. Inna ta ɗora min kwanon ɗanwake na kai wa Yaya Sani a siton wani Alhaji dillalin auduga, inda yake akawu. Na bi ta tsakanin buhuna, zaren auduga na yawo a hasken rana yana sauka min a gashin ido, na tura ƙofar ofis na tarar da kwamfutar Alhaji a buɗe, cikinta a waje kamar an feɗe rago.

Mun saba da ita da fuska ɗaya irin ta talabijin, mai rubutu kore shar kamar ganyen rama bayan ruwa. Ranar kuwa fuska biyu na gani a kan tebur, duk baƙi ƙirin. Baban Ngozi, mai gyaran rediyo na bakin tasha, ya duƙa da sukudireba a baki, 'yarsa Ngozi ƙawata na riƙe masa tocila. A Funtua aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Ita ta raɗa min cewa Alhaji ya sayo sabon katin hoto mai launi don a riƙa ganin taswirar gonakin manomansa, amma bai yarda a cire tsohon ba, don shi ke fitar da rubutu tangararas. Katin nan wani faranti ne kore mai ƙananan gidaje kamar gari aka hango daga saman dutse. Kamfanin da ya yi tsohon daban, na sabon daban, kuma da an kunna sai na'urar ta yi ƙara ɗaya ta yi gum.

Abin da ya tsinka min zuciya shi ne maganar Alhaji daga bakin ƙofa: "Malam Sani, in sun ƙi zama tare, sai a kai ta ofishina na Kano, kai ma ka bi ta." Yaya kuwa shi ke goya ni a keke zuwa gonarmu ta hanyar Dandume, shi ke ɓare min rake, shi ke kare ni in na fasa tulu. Ni da ko kwana a gidan Goggo ba na iyawa, na kasa gane yadda gidanmu zai wayi gari ba tarinsa a zaure.

Da na koma gida ina tankaɗe, sai hankalina ya tafi kan shanun huɗarmu. Sa ɗaya Baba ke da shi, maƙwabcinmu Malam Iro ma ɗaya, sai su haɗa su a karkiya guda, yau gonar wannan gobe ta wancan. Farkon haɗuwarsu ba irin tunkuyin da ba su yi ba. Baba ya ɗaure su a gindin ɗorawa, ya zuba musu dusa da kanwa a kwano ɗaya, yana cewa, "Bari su san warin juna tukuna." Kafin damina ta yi nisa, kunyar da suke ja ta miƙe kamar zare.

Washegari na ƙulle kanwa da 'yar dusa a bakin zanena na koma ofishin. Ngozi ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ke Hadiza, baƙauya, kati yana da harshe ne?" Amma ita ta tsaya min gadi har na tura ƙullin ƙarƙashin akwatin kwamfutar. Yaya na karanta ɗan littafin da ya zo da katin, yana fassara wa Baban Ngozi. Na tsinci cewa wuri ɗaya su biyun ke rububi a ƙwaƙwalwar na'urar, sai an sa tsohon ya haƙura da rabin wurinsa, an kuma faɗa mata wanda zai fara farkawa. Baban Ngozi ya tura wani makunni da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya ce, "Oya Malam, yi bisimillarka, ni na yi tawa addu'ar."

Fuskar mai koren rubutu ce ta fara buɗe ido. Muka zuba ido, ina jin kukan sikeli a waje. Can sai ɗayar fuskar ta kawo shuɗi, da wani ja-ja kamar ruwan zoɓo, gonaki suka fito yanki-yanki suna ƙyalli. Na tsaya ina kallo kamar wadda ta leƙa rijiya ta ga wani gari a ciki. Yaya ya share goshi, Ngozi ta mintsine ni a cinya, ni kuwa na san kanwata ce ta yi aiki. Da yamma a bayan kekensa na koma gida, na kifa kunnena a bayansa ina jin yana waƙa.

Yaya bai je Kano ba. A gidanmu ya yi aure, a zauren nan ya tsufa. Su Ngozi ne suka koma Kudu daga baya, ban sake jin ɗuriyarta ba. Yanzu ɗan autana na da kwamfuta mai kati biyu na kamfanoni daban-daban, ya ce shi sauko musu da manhajar da ke tafiyar da su kawai yake yi daga intanet, su zauna lafiya. Na ba shi labarin kanwa ya yi ta ƙyaƙyata dariya. Na bar shi ya yi, don bai taɓa jin tsoron rasa mai goya shi a keke ba. Kai fa, wace kanwa ka taɓa ajiyewa a ɓoye don kada wani naka ya tafi?