Watannin Kawu Mai Fenti

Kawuna mai fenti ne, na bangon makarantu. Abu ɗaya yake zanawa: rana da duniyoyinta takwas, kowacce da watanninta, ɗigo-ɗigo da farin fenti. Bango goma sha ɗaya gare shi a garin nan. Na sani don a shagona yake ɗaukar fenti, ni kuwa duk abin da ya ratsa hannuna sai na ƙirga shi. Shi ya sa yake kirana Akawu.

Wani malamin kimiyya ne ya ba shi aikin farko, tun yana saurayi, abin ya shige masa rai. Duniyarmu wata ɗaya. Mirrihi, jar duniyar nan, biyu. Zara ko ɗaya babu. In ya zo kanta yakan ce, "Ana ce mata matar wata, ko ɗan wata guda ba ta ajiye ba. Ni da ita jirgi ɗaya ya kwaso mu." Kawu bai taɓa haihuwa ba, matarsa kuma ta daɗe da rasuwa.

Wahalar aikin ita ce masana ba sa hutawa. Da sun hango sabon wata, sai Kawu ya saɓi tsani ya bi makarantun yana ƙara ɗigo, ba wanda ya aike shi. "Yara abin da ke bango suke haddacewa," in ji shi. "Ba zan bar musu ƙarya da hannuna ba."

Sai idonsa ya fara dusashewa. Na kai shi asibiti, likita ya haska, ya ce jijiyar ta riga ta tafi.

"Wata nawa ya rage min ina gani?" Kawu ya tambaya.

"Ba zai wuce biyu ba, Baba."

Muna fitowa ya dafa ni. "Akawu, na zama Mirrihi." Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ana cikin haka rediyo ya ce watannin Zuhalu, mai zoben nan, sun tashi daga 146 zuwa 274. Nan take na buga: ɗigo 128 sau bango goma sha ɗaya, 1,408. Na ce zai yiwu. In goya shi a babur, in riƙe tsani, in ƙirga da ƙarfi, shi ya ɗiga. Na ma ce ya bar min buroshin.

"Kai? Ɗigonka kamar kashin kaza."

Muka gama takwas. A na takwas hancinsa har gogar bango yake yi.

A na tara wayata ta yi ƙara, na ja gefe ina magana da mai kawo min kaya. Dariyar yara ce ta juyo da ni. Kawu ya matsar da tsani da kansa, ya hau, yana ta ɗigawa. Zara da Zuhalu duk da rawaya ya zana su, rawayar kawai yake gani.

Shugabar makarantar ta fito. "Baba, sauko haka nan, ka ɓata mana bango."

"Akawu, nawa na yi?"

"Ashirin da uku, Kawu. Amma Zara ce."

Ya daɗe a tsaye a kan tsanin. Sannan ya miƙo buroshin ƙasa, ba ma ta inda nake ba. Kafin mako ya zagayo an shafe bangon da shuɗi.

Yanzu a bencin shagona yake wuni, fuskarsa na kallon titin da ba ya gani. Rannan ya ce, "Bango biyun da suka rage, har yanzu 146 suke faɗa?"

"Haka ne. Bari in je in ƙarasa maka."

"Gobe in masana sun ƙara fa, wa zai hau? Kai da wayarka? Je ka shafe su. Da sauran takwas ɗin."

Na ce takwas ɗin daidai suke. Ya ce, "Yau."

Na je. Galan huɗu na fenti ya ci.