Kafen Kawu Mai Ƙanƙara

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe yana aiki a wani otel a Yamai. A gida dai ana cewa baƙi yake kula da su. Sai da ya aje aikin ya dawo Damagaram ya zauna da mu a Birni, sannan ya faɗa da bakinsa cewa abin sha yake haɗa wa Turawa, har da giya, ko da yake shi bai taɓa kai ta baki ba. Inna ta yi kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa su.

Wata la'asar cikin bazara ya ce in ba shi turmi. Lokacin na gama lise, wato babbar sakandare, ina zaman jiran sakamako. Ya cire ƙwallayen dabino biyar ya kirɓa dabinon da citta, ya dafa kafe, wato gahawa, mai kauri ya bari ya huce. Ya zuba duka a wata kwalba mai faɗin baki, ya ƙara kunun aya da ƙanƙarar da ya farfasa, ya rufe. Ya ɗaga kwalbar saitin kunnensa yana girgizawa, idonsa a kan katanga. Kaji suka watse.

Inna ta fito daga madafa ta tsaya a kansa.

"Mene ne wannan kuma?"

"Kafe ne, Yaya."

"Kafe da me?"

Ya lissafa mata. Ta ɗauki kwalbar ta sunsuna, ta sunsuna turmin ma. Ya tace da rariya cikin kofi, kumfa ta taso, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta yi bisimilla ta kurɓa.

"Da ɗaci," ta ce. "Kuma ayar ba ta jiƙu ba." Ta koma madafa da kofin a hannunta.

Daga baya ya koya mini. Ya ce ina girgiza kwalbar kamar mai kaɗa nono, wuyan hannu ake sa wa aiki, ba kafaɗa ba. Ban taɓa samun irin kumfarsa ba.

Bayan damina ya koma Tirmini, inda ya gaji gona. Can babu firigo balle ƙanƙara, sai ya koma shan shayi kamar kowa. In ya shigo gari yakan tambaye ni ko ina yi har yanzu, in ce masa wani lokaci.