Igwar Baba Lado

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 8 ga Maris, 1978, Allah ya karɓi ran Baba Lado maƙeri na Jibiya, bayan jinyar kwana tara.

Baba, ni ne Kalilu mai walda na bakin iyaka, wanda ya fi kowa yi maka dariya. Da kuɗin mai suka shigo, manyan motoci suka cika hanyar Maraɗi, sai 'ya'yan maƙera suka watse. Ɗanka Ummaru, magajinka tilo, ya ajiye masaba ya zo garejina. Na ce maƙera ta mutu, saura jana'iza. Maganar ta kai kunnenka, amma ko ranar da gatarina ya karye, kai ka gyara shi, ka ƙi karɓar ko kwabo.

Sai aka nemi igwa irin ta zamanin da, don bikin nuna sana'o'in gargajiya. Na ba da shawara a yanko bututun rijiyar burtsatse, in liƙe shi cikin yini ɗaya. Ka ce, "Wannan bututu ne, ɗiyana, ba igwa ba."

Wata huɗu kai da tsofaffi uku daga Daddara kuna kan zugazugi da gawayin ƙirya. Kuka jera sandunan ƙarfe kewaye da gungume, kuka riƙa zura musu zobba suna ja wur, in sun huce su matse. Ummaru kan wuce ya leƙa, ya dawo gareji.

Ranar gwaji kowa ya san in ta fashe, ta tafi da mai kunna ta, ta tafi da sunan gidanku. Na kawo doguwar igiya don a kunna daga nesa. Ka ture ta.

"Ku ja baya. Wanda ya ƙera, shi ka sa wuta. In akwai ha'inci ciki, ni ya kamata ta ci."

Ka sa wuta, igwa ta yi tsawa. Direbobin da ke layi a bakin iyaka suka faɗa ƙarƙashin motocinsu. Da hayaƙi ya washe, ga ka tsaye, kunnenka na dama na jini, igwa kuwa ko tsaga babu. Wallahi ban taɓa alfahari da kayen da na sha ba sai ranar.

Washegari Ummaru ya miƙo mini tabaran walda, ya ce, "Maigida, ka yafe mani, gida zan koma." Na rasa mafi gwanintar ma'aikatana, kuma ban roƙe shi ya zauna ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Inna Hajjo, uwargidan Baba, Allah ya ba ki haƙuri da duk zuri'a. Ummaru, fartanyar da aka haƙa kabarin mahaifinka da ita, ƙirar hannunka ce. Allah ya riƙa maka.