Malam Riƙe-Ɗaya da Kabarin Auta

Ɗalibansa na farko ne suka raɗa masa Malam Riƙe-Ɗaya, tun yana koyar da lissafi a sakandaren garinsu, saboda ba ya gama darasi bai ce "rubuta biyu, riƙe ɗaya" ba. Har abokan aikinsa suka ɗauka. In ya makara zuwa taron malamai sai wani ya ce, "Ku yi haƙuri da shi, yana can riƙe da ɗaya, bai sami inda zai ajiye ba." Shi ma dariya yake yi. Dogo ne siriri mai ɗan ranƙwafawa, hannun rigarsa na dama kullum fari fat da alli.

Yana da shekara talatin da uku ya ga wata sanarwa manne a ƙofar ofis: wata ƙasar Musulmi da ke bakin teku tana neman malaman lissafi, kwantiragin shekara biyu. Ya cike takardu bai gaya wa kowa ba, sai da amsa ta zo sannan ya je wurin yayarsa, wadda ita ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu.

"Kai ɗin?" in ji Yaya. "Kai da ko garin maƙwabta ka je sai ka dawo da zazzaɓi?"

"Shekara biyu ce kawai, Yaya."

"To Auta fa? Ka bar mini ita in yi ta rarrashi?"

Auta matarsa ce, ita ce ƙarama a gidansu, sunan ya bi ta har ɗakin miji. Tana jin zancen ta ce ƙafarsa ƙafarta, ba ta ga mai raba ta da wannan tafiya ba.

Makarantar ta ba su ɗaki biyu a hawa na uku na wani gini mai matattakala ƙunci. Tagar kicin tana kallon rufin azuzuwa, amma in mutum ya leƙa da kyau ya karkata wuya, zai hango wani ɗan shuɗi tsakanin gidaje biyu. Auta ta ce ai tekunsu ke nan, faɗinsa bai wuce tabarma ba, amma nasu ne. Kafin wata shida ta fi shi jin harshen mutanen ƙasar, don ita a kasuwa ta koya da wurin matar telan da ke ƙasan bene, shi kuwa daga littafi. In ya yi magana da mai kanti sai ta toshe baki da mayafi tana dariya.

"Kana magana kamar mai karanta labarai a rediyo," in ji ta.

Duk hutu sukan hau bas su shiga cikin ƙasar. Sun ga tsoffin masallatai waɗanda matattakalarsu ta yi santsi don yawan taku, da kasuwanni masu rufi inda mutum zai yini bai ga rana ba. Shi yakan tsaya yana ƙirga ginshiƙai, ita kuma ta ja shi ta ce mutane na kallo. A shekara ta uku aka haifa musu 'ya mace, Auta ta riƙa ce mata Baƙuwa tunda a baƙon wuri ta zo. Aka sabunta kwantiragi, aka sake sabuntawa. Yaya ta daina tambayar yaushe za su dawo.

A shekara ta shida Auta ta sami ciki na biyu, mai wahala. Ƙafafunta suka kumbura, likita ya kwantar da ita. Ranar wata Talata Malam yana tsaron jarrabawa, yana zagaye tsakanin kujeru hannu a baya, sai ya ga mai gadin makaranta tsaye a bakin ƙofa ya cire hularsa. Malam ya yi masa alama ya jira, saura minti goma a karɓi takardu. Wannan minti goma ta daɗe tana cin sa, ko da yake daga baya an ce masa tun kafin mai gadin ya iso rai ya riga ya yi halinsa. Ita da abin da ke cikinta duka.

Tela ne ya tsaya a kan komai. Kafin la'asar an kai ta maƙabartar da ke kan tudu bayan tashar bas. Mutanen da suka sallace ta ba su kai ashirin ba, yawancinsu malaman makaranta da 'yan kasuwar da suka san ta da ciniki. Ba a sa wata alama ba sai dutse. Malam ya tsaya bayan kowa ya watse ya ƙirga: layi na goma sha ɗaya, na bakwai daga katanga.

Da hutu ya zo ya kai Baƙuwa wurin Yaya, tana da shekara uku. Ta riƙe ƙafar wandonsa a bakin mota, sai da Yaya ta ɓanɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Ka zauna mana," in ji Yaya. "Me ya rage maka a can?"

Bai iya ce mata Auta ce ta rage ba. Ya ce akwai 'yan aji shida da bai gama da su ba.

Shekara guda ya ƙara. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya hau tudun, ya tsuguna, ya yi addu'a, ya ba ta labarin makaranta kamar tana ji. Sai aka yi sabuwar doka cewa aikin koyarwa na 'yan ƙasa ne. Shugaban makaranta ya kira shi ofis, ya zuba masa shayi da hannunsa, ya yi ta yabonsa har Malam ya gane inda aka dosa. Izinin zamansa a haɗe yake da aikin, kwana talatin aka ba shi. Wanda ya karɓi ajin tsohon ɗalibinsa ne, saurayi mai kunya, wanda ya kasa haɗa ido da shi lokacin da yake miƙa masa makullin kabad.

Ya koma gida ya yi wata huɗu. Gurbinsa na da an ba wani. Baƙuwa tana ɓuya bayan zanen Yaya in ya shigo, ta riga ta fara ce mata Mama. Rannan ya ji labarin wata ƙasa da ke neman malamai, ya buɗe taswira ya ga tsakaninta da ƙasar bakin teku bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ya ce a ransa daga can zai fi sauƙin shiga. Ya sake haɗa akwati.

Daga nan rayuwarsa ta zama ta kwantiragi. Ya yi shekara bakwai a wata ƙasa mai zafi, inda makarantar take bayan gari, ɗakinsa kuma ba taga sai na'urar sanyi mai ƙugi kamar injin niƙa. Fasfonsa yana cikin aljihun teburin shugaba, sai ya rubuta takardar roƙo kafin ya gan shi. Ya yi biyar a wata ƙasa mai duwatsu, inda sanyi ke sa alli ya suɓuce daga yatsunsa, yara kuma suna kwaikwayon lafazinsa da zarar ya juya wa aji baya. Ya yi wasu shekarun a wani tsibiri mai yawan ruwan sama, littattafansa duk suka yi funfuna. Ko'ina ya je, a masallaci kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa, a kira shi ɗan'uwa, wani tsoho ma ya taɓa kama hannunsa ya kai shi gida cin abinci. Amma da ya fito titi ɗan sanda zai tare shi ya ce ina takardu. Ya saba yawo da su a aljihun ƙirji cikin leda.

Sau biyar yana neman bizar ƙasar bakin teku. Na ƙarshen ne ba ya mantawa. Ya yi layi tun safe a ofishin jakadancinsu, ya isa gaban wata taga mai gilashi, bayanta wani matashin ma'aikaci yana juya fasfonsa.

"Wa kake da shi a can?"

"Matata."

"To ta aiko maka da takardar gayyata."

"Ta rasu. A can aka binne ta."

Ma'aikacin ya ɗago ya dube shi, ba da mugunta ba.

"Allah ya jiƙanta. Amma ka ga, a takarda ba ka da kowa ke nan."

Ya turo fasfon ta ƙarƙashin gilashin ya kira na gaba. Malam ya rubuta wa tela wasiƙa ko zai gayyace shi, wasiƙar ta dawo ba a buɗe ba.

Baƙuwa kuwa a waya ta girma. "Lafiya lau, Baba. Karatu lafiya. Ga Mama." Iyakar hirar ke nan. Yakan zo hutu bayan shekara biyu ko uku da akwati cike da kaya, kullum takalman da ya sayo sun yi mata kaɗan. Da aurenta ya tashi, ranar ta faɗa tsakiyar jarrabawar ƙarshen shekara, shugaba ya ce ba mai motsawa. Ya iso bayan kwana tara, an riga an kwashe kujeru.

"Sannu da zuwa, baƙon ƙarshe," in ji Yaya. Ba ta yi dariya ba.

Yana cika sittin makarantar tsibirin ta ce shekarunsa sun kai. Aka yi masa ɗan taro a ɗakin malamai, aka ba shi agogon bango. Da ya duba tikitin da suka saya masa sai ya ga jirgin zai yada zango a ƙasar bakin teku, awa biyar, kafin ya hau na gida.

Da hantsi suka sauka. Tun daga sama ya manna goshi a taga yana neman tudun, bai ga komai ba sai dogayen gine-gine da tituna sun hau kan juna. A cikin filin jirgi ya nufi wurin jami'an shige da fice, ya yi wa wata jami'a bayani da harshensu, wanda ya yi tsatsa a bakinsa. Ya ce awa biyu kawai yake so, ga fasfonsa su riƙe, ga akwatinsa, in sun ga dama su haɗa shi da ɗan sanda.

"Baba, ba ni da ikon wannan," in ji ta. "Masu wucewa can ne wurin zamansu."

Ya koma ya zauna. Can sai ya ga wani dattijo mai goge ƙasa, sa'ansa, yana tura bokiti. Ya yi masa sallama, ya tambaye shi maƙabartar da ke bayan tashar bas.

"Tsohuwar tasha? Ai an tashe ta tun tuni. Babbar hanya ce ta bi ta wurin."

"Maƙabartar fa?"

Dattijon ya jingina da sandar gogensa.

"An yi sanarwa a lokacin, masu 'yan'uwa suka zo aka kwashe nasu zuwa bayan gari. Sauran kuma hukuma ta haɗa ta kai wani wuri, ban san ina ba. Kana da wani a can ne?"

Malam ya gyaɗa kai. Dattijon ya dafa kafaɗarsa, ya yi addu'a, ya ci gaba da aikinsa. Malam ya shiga ɗan ɗakin salla na filin jirgin ya yi azahar, ya zauna a kan kafet har aka kira jirginsu sau biyu. Bai yi kuka ba.

A gida Yaya ta tsufa, sai da sanda take tashi. Ta sa aka share masa ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. A rana ta uku Baƙuwa ta zo da 'ya'yanta biyu, ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ake gaida surukai. Yaran suka tsaya a bakin ƙofa suna kallonsa. Bayan an gama gaisuwa ya ce yana da magana, ya gaya mata duk abin da mai goge ƙasa ya ce. Ya zaci za ta yi kuka, ko ta yi fushi, ko ta tambaye shi wani abu game da mahaifiyarta.

"Allah ya jiƙanta," in ji Baƙuwa. "Ni ban san ta ba, Baba. Ko a mafarki ban taɓa ganinta ba. Kai ne dai nake ta jira, har na gaji na daina."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da murya ƙasa-ƙasa, tana gyara wa ƙaramin yaron maɓallin riga. Sannan ta tashi ta ɗauko butar shayi ta zuba masa, ta tsaya da cokali a hannu.

"Kana shan sukari?"

Ya ce kaɗan.

Yanzu shekararsa huɗu da dawowa. Ya kai takardunsa makarantu uku masu zaman kansu, duk suka ce za su kira. Yaya ta rasu bara, 'ya'yanta suka ce ya ci gaba da zama a ɗakin, ba ya tare wa kowa komai. Baƙuwa takan zo ƙarshen wata da kwanon abinci, ta yi rabin awa, su yi zancen zafi da tsadar kaya da makarantar yara. Sauran kwanakin yakan fito da kujera ƙofar gida bayan la'asar ya zauna. Masu wucewa suna gaishe shi da ladabi, yawancinsu ba su san ko shi wane ne ba, shi ma bai san 'ya'yan wa ne ba. In an kira magariba sai ya ja kujerar ya mayar ciki.