Shekarar da Na Roƙi Sanyi

Mutanen cikin Daura idan suna kukan sanyi dariya suke ba ni. Wane sanyi suka sani? Su zo ƙauyenmu da ke bakin dam su kwana biyu, sannan mu yi magana. Namu daga ruwa yake tasowa. Da asuba za ka ga wani farin tururi kwance a kan dam ɗin, iska tana turo shi a hankali har ya haye gonaki ya shigo gari. Sanyi ne mai jiƙa. Bargo ya yi danshi, ashana ta ƙi kamawa, ruwan alwala kuwa sai ka tsaya kana kallon buta kana lallashin kanka.

A shekarar da nake magana na fara shuka alkama. Ni malamin firamare ne, noman rani ba gadona ba ne, amma na ga abokai suna samu, na ce ni ma me zai hana. Kuma na makara, don sai da kowa ya yi mako uku da shuka sannan na sami iri. Alkama kuwa 'yar sanyi ce. In zafi ya riske ta tana cikin yin ƙwaya, ƙwayar motsewa take yi, ka sheƙe ka tarar rabi ƙaiƙayi. Tun ranar da na watsa irin nan hankalina bai sake kwanciya ba.

Mahaifiyata, Inna, tana wurina tun bayan rasuwar Baba. Tana da tari na shekara da shekaru, ya tashi da hunturu ya kwanta da bazara, har mun saba da shi kamar carar zakara. Amma a wannan shekarar muryarsa ta sauya. Daga can ƙasan ƙirji yake fitowa, in ya kama ta sai ta dafa bango, ta daɗe tana neman numfashi. Maiɗakina ta riƙa kai mata kaskon garwashi safe da yamma, tana dafa mata citta da kanumfari. Duk da haka kullum zanen Inna ƙara yi mata yawa yake yi.

Yayata da ke aure a cikin Daura ta fara kirana a waya. Ta ce in kawo Inna, ɗakinta da rufin silin, ga asibiti kusa, a raba ta da tururin ruwan nan. Inna ta ce ita Allah Ya kiyaye ta kwana a gidan suruki, da kunyarta da komai. Amma na san ta. Da na dage, na ce tashi mu tafi, wallahi da ta ɗauki mayafinta. Abin da ya hana ni dagewa shi ne na san in aka kwantar da ita sai na yi mako ina zarya, ga injin ban-ruwa mu huɗu ke amfani da shi, in layinka ya wuce ya wuce ke nan. Sai na ce wa Yaya ta bari in ga yadda makon zai kasance.

Ana cikin haka rediyo ya ce zafi na tafe, daga mako mai zuwa yanayi zai sauya. Kafin ma makon ya zo muka ji a jikinmu. Tururin dam ya ɗauke, yara suka tuɓe rigunan sanyi, mangwaron makarantarmu ya cika da fure, ƙudaje suka dawo. Kowa na murna ban da ni. Alkamata ta fitar da kai ke nan, in ka matsa ƙwayar farin ruwa ne ke fita kamar madara. Kwana goma sha biyar kawai take nema. Na tsaya a kan kunyar gona da rana tsaka, gumi na bin bayana, na ji kamar in yi kuka.

Amma da Yaya ta kira, da wannan zafin na kare kaina. Na ce mata ai sanyi ya ƙare, tarin zai kwanta kamar yadda ya saba, a daina wahalar da tsohuwa. Har da faɗa na yi mata, na ce ita tana birni tana ba da umarni, mu muke ganin Inna kullum. Ta ce to, Allah Ya sa haka ne.

Ranar Alhamis bayan sallar la'asar, mu masu alkama muka roƙi liman ya sa mu a addu'a. Shi ma yana da 'yar gonarsa, don haka bai yi nauyin baki ba. Ya roƙi Allah Ya dawo mana da sanyi, Ya tsawaita shi har amfani ya nuna. Lasifikar masallacin a kunne take, kuma bango ɗaya ne ya raba shi da gidana.

Da na shiga gida na tarar da Inna a tsakar gida tana shan ranar yamma, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma. Kwana uku ke nan tana fitowa, har ta ci tuwo da ɗan yawa. Ta dube ni tana murmushi.

"Malam, na ji amin ɗinka ta fi ta kowa ƙarfi."

Haka take kirana in tana tsokana. Na yi 'yar dariya, na ce ai don alkama ne, Inna.

"Na sani. Kada ka damu, sanyin bai tafi ba. Zai dawo ya ɗauki abin da ya manta."

Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Har daɗi na ji, Allah Ya yafe mini.

Ranar Asabar da asuba na buɗe ƙofa, sanyi ya mare ni a fuska. Tururin ya cika gari, ko masallacin ba na gani. Ban taɓa ganin ya yi kauri haka ba, raɓa tana ɗiga daga bakin kwano kamar an yi yayyafi. Abin da na fara yi shi ne hamdala. Na yi salla na wuce gona kai tsaye, ban ko leƙa ɗakin Inna ba. Na tarar da alkama tsaye kore shar, na shafa kanta da tafin hannu, sanyi na cizon yatsuna ina jin daɗi. Daga can na kama ban-ruwa, don layina ne ranar.

Sai wajen azahar na dawo. Tun daga zaure na ji numfashinta, wani irin kakari mai ƙara. Maiɗakina ta ce tun safe take kiran wayata ba ta shiga, jikin Inna zafi rau amma tana rawar ɗari, ta ƙi ko kunu. Na ce mu ga zuwa gobe. Har yau in na tuna na faɗi wannan kalmar sai in ji na tsani bakina.

Gobe ta yi, tururin ya fi na jiya. Na nemo mota muka kwantar da ita a baya, muka lulluɓe ta da barguna biyu. Ba ta yi maganar kunyar suruki ba, ba ta da ƙarfin yi. A asibitin Daura likita ya sa abin aunawa a ƙirjinta, ya ce limoniya ce ta ci duka ɓangarorin huhun, ya tambayi tun yaushe take haka. Yaya tana tsaye a gefena. Ta juyo ta dube ni, na kau da kai.

Kwana biyu ta yi a kan gadon. Rana ta biyu da hantsi ta buɗe ido ta gan ni, ta motsa baki, na sunkuya. Tambayata ta yi ko na ba alkamar ruwa. Na ce na ba ta. Ta lumshe ido, kafin la'asar Allah Ya karɓi abinsa.

Sanyin ya ƙara mako biyu cur. Tsofaffin garinmu suka ce rabonsu da ganin hunturu ya yi irin wannan komen sun manta. Na san kwana ne ya ƙare, malamai sun faɗa mini, ni ma na faɗa wa wasu a gidan makoki. Amma na kuma san wanda ya ce a bari a ga mako, da wanda ya ɗaga murya a masallaci.

Alkamar ta yi kyau fiye da ta waɗanda suka riga ni shuka. Ƙwaya cike, jawur, in ka ɗebi tafi guda ka ji nauyi. Girbin ya zo daidai da sadakar arba'in, mata suka ce ba sai an je kasuwa ba tunda ga ta a gida. Aka niƙa, aka yi funkaso da alkaki, aka raba har maƙwabtan ƙauyuka. Mutane suna ci suna sa albarka, suna tambayata wane iri na shuka.

Da baƙi suka ragu, Yaya ta fito da kwano ta ajiye a gabana a zaure. Tun ranar asibiti ba mu yi wata doguwar magana ba.

"Ci mana," in ji ta. "Ai ta samu sanyin da take so."

Ta koma ciki. Na zauna da kwanon a gabana har funkason ya huce, aka kira magariba.