Gwangwanin da ke Cikin Firji

Da, kowace Juma'a mu biyu ne muke kamun kifi a bakin tekun garin Wakra, nan ƙasar Larabawa. Yanzu ni kaɗai nake zuwa.

Abokin zuwan nawa dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, maƙwabcina a unguwar Sana'iyya. Na ga masunta a Legas da Port Sudan, kowa na zuba ƙugiyoyinsa wuri guda. Shi kuwa koton ƙarfensa na yaudarar kifi, mai faifan da ke juyawa cikin ruwa da gezar roba, sai ya wanke kowanne, ya jera su cikin gwangwanin madara, ya sa a firji kusa da daddawa.

Na ce, "Baba, miya za mu yi da su?"

Ya ce, "Malam, ka yi yawon duniya, amma ba ka san zafin garin nan ba."

Da ya rasu, gwangwanin ya dawo hannuna. Na kasa buɗewa, na bar shi a mota wata huɗu. Jiya na ɗaga murfin. Gezar duk ta narke, ja da kore sun cakuɗe, sai warin roba.

Allah ya haskaka makwancinsa. Yanzu babu mai yi mini faɗa.