Ranar da Gwaggo ta yanka goro da wuƙa

Gwaggona, ƙanwar babana da ta riƙe ni tun daga yaye, goro take sayarwa a zangon Sokode. Ba ta karɓar huhu sai ta zura hannu can ƙasa, ta zaro ƙwaya ɗaya ta gatsa da haƙorin gaba. Daga ƙarar cizon take sanin ko kayan zai kai wata. Dillalai suna tsoron bakinta fiye da tsoron ɗan duwan mai karɓar harajin kaya.

Wata rana mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ya zubar da ita a kwana, ta tashi babu haƙorin. Shekaru ta yi tana dariya a bayan gefen mayafi, ita da a da ake jiyo shewarta daga bakin masallaci. Daga baya yayana ya kai ta Lome aka yi mata dashe, aka kafa ƙusa a ƙashin, aka ɗora sabon haƙori a kai. Ta dawo da dariyarta gaba ɗaya, har wanda bai ba ta dariya ba sai ya gani.

Ni aure ya kai ni Dapaong, sai biki ko rasuwa ke sauko da ni. Da na zo wani suna, na zauna kusa da ita a rumfa aka kawo huhu. Ta zaro ƙwaya kamar kullum, sai na ga ta laluba ƙarƙashin tabarma ta ɗauko wuƙa. Ta yanka siriri, ta tura can gefen hagu tana taunawa a hankali. Daga nan na fara sa ido, kuma ni idan na sa ido ba na ɗaukewa. Bakinta ƙamshin kanumfari yake safe da yamma. Asuwakin da ta jefar da safe akwai jini a kansa. Da wata maƙwabciya ta yi barkwanci, hannun Gwaggo ya kai gefen mayafi baki, abin da na yi shekaru ban gani ba.

"Gwaggo, buɗe in gani," na ce mata bayan la'asar.

"Ke da na goge wa majina? Tafi can."

Sai da na ce ba zan hau mota ba, sai dai mijina ya zo ya tarar da ni a nan, sannan ta ɗaga leɓe. Dasashin ya yi ja ya kumbura, ya janye sama har ana hango duhun ƙarfen. Na taɓa haƙorin da yatsa, ya motsa.

"Tun yaushe?"

"Tun azumi. Ai ba ya ciwo, 'yar nan. Abin da ba ya ciwo ba a kai shi lopital wajen likita. Ruwan gishiri nake sa masa, zai zauna."

Raina ya ɓaci, amma na san faɗa ba ya kai Gwaggo ko ƙofar gida. Na janyo kwandon da take ware ɓatacce, na zaɓi wani jan goro mai sheƙi na ɓare shi a gabanta. Ciki duk sankara ta cinye.

"Wannan ya yi miki kuka kafin ya lalace?"

Ta daɗe tana kallonsa. Can ta ce, a hankali, "Za su cire ne. In koma mai giɓi." A nan na gane tsoronta, tausayinta ya kama ni.

Washegari muka je wajen likitan haƙori. Ya ɗauki hoton ƙashin, ya nuna mana inda ya zaizaye kewaye da ƙusar. Ya ce dashe ba shi da jijiya, shi ya sa yakan lalace shiru, kuma da ta zo tun ranar da ta fara ganin jini da wataƙila an cece shi. Yanzu sai cirewa, a bar ƙashin ya warke wasu watanni, sannan a ga ko zai karɓi wani. A ranar aka cire shi, a hanyar dawowa mayafin Gwaggo yana bakinta har gida.

Na ƙara kwana biyar. Ranar da zan koma Dapaong aka kawo sabon huhu. Ta zaro ƙwaya, ta dubi wuƙar, sai ta miƙo mini goron.

"Gatsa."

Na gatsa, na tauna, na gyara zama irin na masu sani. "Mai kyau ne, Gwaggo."

Ta karɓi ragowar ta shinshina, ta dubi dillalin, ta dube ni.

"Shekara ashirin a rumfata, ba ki san goron da ya sha ruwa ba?"

Dariya ta ƙwace mata, irin ta da, har mai shayi ya waiwayo. Hannunta ɗaya na riƙe da goron, ɗayan na dukan cinyata, mayafin kuwa yana kan kafaɗa. Giɓin a fili, kowa ya gani. Na bar ta ta ci gaba da yi mini tsiya har motata ta kusa tashi.